Jarfar Haɓar Kaka Tuda

Litinin, 3 ga Zulƙi'ida

Ni ne Si Abdussalam, Babban Alƙalin kwarin nan tun daga gada har kan dutse. Wannan littafina ne. Duk wadda ta buɗe shi, musamman wata Itto mai bincike ƙarƙashin katifar yayanta, wata shida a kurkuku.

An kawo mini maganar wani ja'iri, Yidir ɗan Muha makiyayi. Allo kaɗai ya yi, izu tara ya gudu. Amma a saƙa, duk mazan da ke zama gindin bangon masallaci da kwarashi da ulu ba mai kamo shi. Na wanke shi daga zargin sa barkono a tabar ladan.

Laraba, 5

Tifawt, 'yar baffan Yidir, ta zo daga Kazabalanka. Ta naɗe hannun riga, sai ga jarfa a wuyan hannunta, irin ta haɓar kakarsu Tuda sak. Wai yanzu a birni ita ake yayi, ita da hular saƙa. Kaka ta leƙa ta ce, "Mu muna ɓoyewa da mayafi, ku kuna biyan kuɗi a tsaga muku?"

Kaka za ta hajji ƙarshen wata. Tun da wani mai wa'azi ya ce jarfa haramun ce take jan mayafi har baki. Liman ya gaya mata sau uku ba ta da laifi, tana 'yar shekara goma sha ɗaya uwarta ta yi mata da allura da kunkunniyar tukunya. Ba ta ji.

Alhamis, 6

Yidir ya tsara wasa mai kyau yau. Ya ari wayar abokinsa direba, ya toshe baki da safa, ya kira Kaka daga bayan garke. "Hajiya Tuda? Daga ofishin alhazai. Na'urar filin jirgi ba ta karɓar fuska mai jarfa. A goge kafin tafiya." Ta ce, "To, ranka ya daɗe." Ya yi dariya har ya faɗa kan akuya. Hukuncina: ba laifi. Gobe zai gaya mata.

Asabar, 8

Bai gaya mata ba. Kasuwa, ya manta.

Lahadi, 9

Da hantsi Itto ta kai wa Kaka shayi ta fito da kuka. Kwana uku ke nan Kaka na daka tafarnuwa da gishiri da farar ƙasa tana ɗaurewa a haɓa, mayafi a kai. Fatar ta saɓule. Ta ɓoye wa kowa, wai kada a hana ta tafiya.

Muha ya ce sai ya je ofishin nan ya ga wanda ya kira. Yana ta neman takalmi. Yidir na tsaye a ƙofa riƙe da kwarashi.

Sai da uban ya kai bakin hanya sannan ya bi shi ya faɗa masa gaskiya. Mari biyu. Kaɗan ne.

Talata, 11

Malamar asibiti ta ce zai warke, tafiya na nan. Jarfar ce dai ta tafi. Saura ɗan layi ƙarƙashin leɓe.

Kaka ba ta zagi kowa ba. Da, in yaron ya shigo, "Ga mijin banza, me ka sato mini?" Yau ta ce, "Sannu, Yidir." Shi ke nan. Ta juya tana gaya wa Tifawt uwarta ba ta bar mata hoto ko zobe ba. In ta yi kewarta, madubi take ɗauka.

Ba a yi zaman kotu ba yau.

Laraba, 12

Yidir ya duba hannun Tifawt ya ƙirga, ya saƙa zanen a bakin safa, shuɗi kan fari. Kaka ta juya safar ta miƙo masa. "Ɗigo shida ka sa. Bakwai ne. Mai tsagar birni ya ci ɗaya." Tifawt ta kalli hannunta kamar ta yi kuka.

Kaka ta dubi Yidir. "Ka yi shekara goma sha tara kana kallon fuskata, ba ka taɓa ƙirgawa ba?"

Juma'a, 14

An warware, an sake. Bakwai. Kaka ta karɓa. Itto ta ce ta ga safar cikin jakar tafiya, saman carbi. Har yanzu "Sannu, Yidir" ne.

Direba ya zo da wata dabarar tsokanar wanzami, mai kyau ce ƙwarai. Na ce ya tafi, hannuna da aiki, saura safar ƙafar hagu.

"Hannuna," na ce. To, na riga na rubuta, ba zan goge ba. Babu wani Si Abdussalam. Ni ne Yidir, ni na rubuta duka, ni na toshe baki da safa. Itto, in kina karantawa, ba kurkuku. Ki dai tambayar mini ita ko ɗigon ya cika.