Kofin Farko Ya Koma Hannun Garba

Ƙanena Umaru,

Gaisuwa mai yawa. Ya aiki, ya iyali, ya jikin Hajiya? Mu nan Tambuwal lafiya lau.

Shekara ashirin ni ke fassara wa majalisarmu Turanci. Jiya aka turo wa Alhaji Sani saƙo mai "catch up". Na ce cim ma wanda ya riga ka ne. Sai Garba, da ya dawo daga Legas, ya ce mini, "Haka ne, Alhaji, amma nan nufinsa hirar yaushe gamo." Kofin shayi na farko, wanda kullum nawa ne, shi aka miƙa wa. Mutumin da ko akuya ba shi da ita!

Ka aiko mini littafin irin waɗannan kalmomi, kada kowa ya ji. A sa mu a addu'a, a gaida yara.

Yayanka,
Bello