Shukun Muhsina

Roni,
8 ga Mayu, 2023.

Aminiyata Baraka,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, da maigidan da yara, da ƙafar nan taki da ba ta san hanyar zumunci ba. Ya zafin Babura? Mu nan sai godiya. An yi sallah lafiya, na yi kitso har yatsuna suka ƙi lanƙwasuwa.

Kada ki yi mamakin takarda ga waya a hannu. Katanga ɗaya ce tsakanin ɗakina da na 'yata Muhsina, kunnenta kuwa ya fi na zomo. Shi ya sa na ba Daudu direba ya kawo miki.

Ke kika riƙe min Muhsina ranar da kaskon man ƙuli ya kife mata a ka tana shekara huɗu, ba sai na tuna miki ba. Tabon yana nan a tsakar kai, faɗin tafin hannun namiji, sumul. Shekara goma sha takwas ke nan ina rufe shi da shuku: in jawo gashin ƙeya da na gefe zuwa sama, in ƙara zare, in ɗaure tamau, duk sati in kwance in sake. Ko ɗankwali ya zame a gidan biki ba wadda ta taɓa ganewa. Ba yabon kai ba, daga Kazaure zuwa Gwiwa a nemo min mai irin hannun nan in gani.

To ga inda gizo ke saƙar. Zaharadeen, malamin makarantar nan na Gwiwa da ke nemanta, iyayensa sun kawo kayan na-gani-ina-so, suna son a sa rana. Tana son sa, ba ta ɓoye ba. Amma ta kafe, ta ce ba za ta shiga gidan miji da kan da sai uwarta ta bi ta duk sati ta rufe mata ba. Shi ya san da tabon, ya ce bai dame shi ba. Ta ce ai bai gani ba ne.

Ita ta gano a waya cewa akwai wata likita a Kano mai dashen gashi. Wai saiwar gashin ake cirewa daga ƙeya ɗaya bayan ɗaya da wani ɗan ƙarfe, a huda fatar wurin da babu, a dasa, kamar yadda ake cire dawa inda ta yi cunkoso a cike gurbi. Na ce ikon Allah, kai ya koma gona. Babanta ya amince, ranar Litinin ta sama za mu je. Rabon da in ga yarinyar nan tana waƙa a bakin murhu har na manta. Ki sa mu a addu'a.

Ki gaida kowa da kowa.

Taki har kullum,
Tasalla.

Roni,
24 ga Mayu, 2023.

Baraka,

Sallama da gaisuwa. Ya gida, ya jikin Inna? Allah ya ƙara sauƙi. Na ga saƙon daddawa, na gode, Allah ya bar zumunci.

Mun je mun dawo. Ban san ta inda zan fara ba.

Likitar yarinya ce, ba za ta wuce sa'ar ƙanwarki Dela ba, amma akwai natsuwa. Ta ce a kwance kitson. Ni na kwance da kaina, har ina jira ta yaba aikin, kin san halina. Ta kalli tabon kaɗan, ta danna shi da yatsa, ta ce fatar ta yi siriri kuma jini bai cika gudana a cikinta ba, amma ana iya gwadawa in akwai isasshen iri. Sai ta juya kan, ta ɗora wani gilashi mai fitila a ƙeya. Nan ta daɗe, Baraka. Ta daɗe ƙwarai.

Ta aiki Muhsina ɗaukar jini, ta rufe ƙofa, ta tambaye ni wa ke yi mata kitso. Na buga ƙirji na ce ni. Ta nuna min hoton a allo. Wallahi ban taɓa kallon ƙeyar 'yata haka ba, kullum sama nake jan gashin, idona na kan tabon. Ashe layin gashin ya ja baya ya kai yatsa uku, gefen kunnuwa ya zama fili, abin da ya rage tsilli-tsilli ne kamar geron da fari ya kama. Ta ce jan da ake yi shekara da shekaru ne ya kashe saiwoyin. Ta ce da an bar gashin ya huta, da yau ta samu abin da za ta cika tabon har da saura.

Ƙurajen nan da ke feso mata a gindin kitso, da ciwon kan da take kwana biyu da shi duk sanda na yi mata sabon kitso, ashe gashin ne ke kuka. Ni kuwa in shafa mata man kaɗe, in dungure mata kai in ce ta cika raki, bayan wuya sai daɗi. Na ga gashin yana raguwa fa, kada in yi miki ƙarya. Da ya ragu sai in ƙara zare, in ƙara ja don ya kai.

Likita ta ba da magani na shafawa, ta ce wata uku ba kitso, ba zare, ko tsefewa sai a hankali, a ga ko wasu za su farfaɗo. Na roƙe ta don Allah kada ta faɗa wa yarinyar dalili tukuna. Ta ce ba za ta fara ba, amma in an tambaye ta ba za ta yi ƙarya ba.

Muhsina ta ɗauka shirin aiki ne kawai. A mota har tana lissafa min kalar ankon da take so. Ko babanta ban faɗa wa ba, ke kaɗai ce. Ki ƙona takardar nan in kin karanta.

Taki,
Tasalla.

Roni,
5 ga Satumba, 2023.

Aminiyata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, ya damina? An ce ruwa ya yi muku ɓarna a gabas da gari, Allah ya mayar da alheri. Na karanta amsarki. Kin ce ƙaddara ce, kuma da niyyar alheri na yi. Na sani, Baraka. Amma niyyar alherin ba ta tsirar da ko tsinke ɗaya ba.

Wata ukun nan ni na san yadda na yi su. Safe da yamma ina shafa maganin, ina duba ƙeyar a hasken rana kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Takan tambaye ni ko ya fara fitowa, in ce da alama. Babu alamar komai. Na yi azumin nafila, na yi sadakar ƙosai, na je wurin Malam Muhammadu Lawal ya yi mata rubutu. Matan gari suna ta aiko yara a tambayi ko ina kitso, na ce hannuna ke ciwo.

Jiya muka koma Kano. Likita ta sake dubawa da gilashin, ta auna, ta ce saiwoyin sun mutu, fatar wurin ta rufe, ba za su dawo ba. In ta ciri ɗan abin da ya rage, ƙeyar za ta zama fili, tabon kuma ba zai cika ko kashi ɗaya cikin huɗu ba, wataƙila ma dashen bai kama ba. Ko yanka fatar ƙeyar aka yi aka ɗebo, kamar yadda ake yi wa wasu, abin da babu ba za a ɗebo shi ba. Muhsina ta ce a ɗebi nawa, ni uwarta, ni ma na riga na cire ɗankwali. Likita ta ce jiki ba ya karɓar gashin wani, ko na uwa.

Sai yarinyar nan ta tambaya, cikin ladabi, me ya cinye mata ƙeya alhali man bai taɓa nan ba. Likita ta dube ni. Na kau da kai. Ita ta faɗa mata, a taƙaice, ba ta ƙara ba ba ta rage ba.

Ba ta yi kuka ba. Ta ɗaura ɗankwalinta, ta sa hijabi, ta yi wa likita godiya. Muka hau motar Kazaure. Da muka sauka za mu hau babur zuwa Roni, ta karɓi jakata ta riƙe min kamar kullum. Garin neman gira na rasa mata ido, Baraka, kuma ni take riƙe wa jaka.

Ki gaida Inna.

Tasalla.

Roni,
2 ga Oktoba, 2023.

Baraka,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da iyali. Mu muna nan da rai.

An mayar da kayan Zaharadeen ranar Alhamis. Ita ta haɗa su da hannunta, ta roƙi kawunta ya kai. Yaron ya zo sau uku daga Gwiwa, na ƙarshe ya tsaya a zaure tun la'asar har aka kira magariba, ba ta fita ba. Babanta ya yi faɗa, ya yi lallashi, daga baya na faɗa masa gaskiya sai ya tashi ya fita masallaci.

Na durƙusa mata, Baraka, ni da na haife ta. Ta ɗago ni ta ce ba komai, ta yafe, Allah ya riga ya rubuta. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Tana gaishe ni da safe, tana yi min shara da wanke-wanke, ba abin da ta rage. Ragowar gashin kuwa ta je gidan wata ƙawarta an aske mata shi, sai a bakin maƙwabta na ji.

Kin ce in kawo ta Babura ta huta. Na faɗa mata, ta ce tana gaishe ki.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne wannan. A da, duk duniya ni kaɗai take barin kanta a buɗe a gabana. Shekaranjiya da hantsi na ɗaga labulen ɗakinta zan miƙa mata kunu, ban yi sallama ba, tana zaune kai a buɗe. Tana ganina ta yi wuf ta jawo zanin gado ta rufe, kamar baƙon namiji ne ya faɗo mata. Ba ta sauke ba sai da na ajiye kofin na fita. Yanzu sallama nake yi, in tsaya a bakin ƙofa in jira ta gama ɗaurawa.

Ki ci gaba da yi mata addu'a. Ni ban san me zan ce ki roƙa min ba.

Aminiyarki,
Tasalla.