Safar Hannun Sale

Daren Alhamis, Dutse

Wata bakwai ke nan rabona da gida, kuma ban tsare raga ko sau ɗaya ba, sai dai a atisaye. Yau Sale, golanmu na farko, ya karye a wuyan hannu. Babu wanda ya taɓa shi. Ƙwallo ce mara ƙarfi ya durƙusa zai ɗauka, sai muka ji ƙas.

Allah shaida ban taɓa yi masa mugun fata ba, kuma ya fi ni iya kamu. Amma kullum bayan sallar asuba ina roƙon Allah ya ba ni dama, ban taɓa cewa ta wace hanya ba.

A asibiti ya miƙo mini safar hannunsa yana murmushi. "Sarkin benci, addu'arka ta ci. Ka sa ta jibi a Jahun." Ni kuwa ban taɓa gaya wa kowa ina wannan addu'ar ba.

Ga ta can rataye a ƙusa. Sau biyu ina miƙar da yatsunta, in juyo in tarar sun dunƙule kamar da hannu a ciki. Tawa ta yage, ba ni da wata. Da ita zan shiga raga.