Zuwa Ga Baba, Mai Shuka Ciyawa A Hamada

Assalamu alaikum Baba. Allah ya kai haske makwancinka. Ni ce Hadiza, daga Manchester.

Oktoba ya sake shigowa. Shekara goma sha takwas ka yi kana kula da ciyawar filin golf a hamadar Larabawa, kuma tun ina ƙarama na san wannan wata ba namu ba ne. Da zafi ya sassauta sai ku aske ciyawar bazara ƙwal, ku watsa irin ta hunturu a kanta, ku rufe da yashi, ku yi ta ban ruwa har ta tsiro. Kakan ce, "Iri jariri ne, ƙishi ɗaya ya ishe shi mutuwa."

Na san duk wannan, amma na sa bikina a Oktoba, don lokacin ne muka samu zauren biki a unguwar Sparkhill. Ka roƙe ni in ɗaga da wata biyu. Ka ce mutum huɗun da ke ƙarƙashinka duk sababbi ne, idan iri ya ƙone su za a kora. Na ce maka ashe ciyawa ta fi ni, na kashe waya.

Kawu Bala ne ya tsaya waliyyi a madadinka.

Wata biyar kana kira ba na ɗauka, Baba. Ina cikin bas a unguwar Rusholme sai in ga sunanka, in leƙa taga in ga ruwa na zuba kan ciyawar da ba wanda ya yi mata wahala, sai haushi ya ƙara turnuƙe ni. Ka turo hoton filinka ya yi kore shar, ka rubuta "Ciyawa ta tsira, ita da yaran aikina." Na karanta, ban amsa ba.

A Maris ka faɗi a bakin aiki, ba ka tashi ba. Abokin aikinka Malam Usman ya aiko min da jakarka. A ciki na tarar da fasfonka ɗauke da bizar Ingila, da tikitin Afrilu, da atamfa biyu, da wata ƙatuwar rigar sanyi wadda ko takardar jikinta ba ka cire ba. Ta yi maka yawa ƙwarai. Wa ya taya ka zaɓe?

Ashe abin da kake ta kira ka faɗa min ke nan.

Ka yafe min, Babana. Allah ya gafarta maka, ya shayar da kai yadda ka shayar da ƙasa busasshiya, ya haɗa fuskokinmu a Aljanna.

'Yarka mai nadama,
Hadiza