Kilo Goma Sha Huɗun da Na Rage Maka

Zuwa ga ɗan'uwana Alhaji Nafi'u, ɗan Goggo Rabi, a Kano.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina miƙa gaisuwa irin wadda ta dace da kai, tare da tambayar jiki da ƙafa, da lafiyar Goggo da maiɗakinka da yara. Mu nan Guangzhou lafiya lau, sai zafi da ruwan sama da ba sa gajiya.

Ka san ba haka muke gaisawa ba. Ni da kai taubasai ne, tun muna yara gaisuwarmu tsiya ce, har yau ba mu daidaita kan wane ne bawan wani ba. Amma wata huɗu ke nan ina kiran wayarka tana ƙara har ta gaji. Saƙonnina ina ganin ka buɗe, ba ka amsawa. Shi ya sa na biyo ta nan shafina na intanet, inda jama'a ke karantawa. A gaban jama'a na yi ta zargin mutane kan abin da ya same ka, to a gabansu ya kamata in ƙarasa maganar.

Akwai takardar lauya da ke jiran sa hannunka, in har kana so a kai masu jirgin nan da ka diro daga cikinsa kotu, kuma lokacin da doka ta ba mu ba zai tsaya jiranmu ba. Sai dai akwai abin da ya kamata ka sani kafin ka sa hannu. Bari in faro daga farko, don ban san iya abin da ka riƙe a cikin wannan rana ba.

Ka zo sarin takalma kamar kowace shekara, ka sauka a ɗakina a unguwar Dengfeng, ka cinye min gado da rabin tukunya. Ranar da ka raka ni sito a Huangpu, inda nake loda wa 'yan kasuwa kaya a kwantena, na ce ka hau sikelin kaya mu gani ko za a iya tura ka gida ta ruwa. Ka hau kana dariya. Allura ta tsaya a ɗari da sha biyu, na ɗauki alli na rubuta a bayan rigarka kamar yadda muke yi wa kwali. Har masu dako sai da suka riƙe ciki.

A gidan abincin Hajiyar Maraɗi ne wani ya nuna maka bidiyonsa yana dirowa daga jirgin sama da lema. Tun daga nan ka hana ni sakat. Ba dirowar ce ta dame ka ba, na san ka, hoton kake so. So kake 'yan layinku a kasuwa su gan ka a sararin samaniya, kumatu na kaɗawa, ka ɗaga babban yatsa. Kalmarka ita ce: "Wanda bai ga hoto ba ai bai ji labari ba."

Ni kuwa mutum ne da ba ya yarda da kwali sai ya farke shi. Shekara tara ina hulɗa da masu masana'anta, na ga an nuna samfur na fata an loda roba. Don haka tun da muka isa filin dirowar nan, bayan tafiyar awa uku a mota, idona ke yawo. Na ga tutar da ke nuna ƙarfin iska ta miƙe sambal. Na ga sikeli a lungu an ɗora masa katan ɗin ruwan gora. Na nuna wa yarinyar da ke teburin karɓar baƙi, ta kaɗa hannu ta ce "meyo", wato babu, ya lalace. Na riƙe wannan a raina.

Ta miƙo fom mai shafi takwas, duk da rubutunsu. Kai kana can kana gwada rigar dirowa kana ɗaukar kanka hoto, ka ce in cike tunda ni ne malamin Sinanci. Na cike. Ka zo ka sa hannu a shafin ƙarshe ko zama ba ka yi ba.

Tsarinsu ka sani: an ɗaure ka a ƙirjin ƙwararrensu, shi ke jan lema, kai aikinka ka ɗaga ƙafa idan an zo ƙasa. Ka kuma biya a haɗa ka da mai hoto, wanda ke dirowa tare da ku da kyamara a kan hular kwano. Shi yakan riga ku sauka don ya ɗauki saukarku. Da idona na gan shi, Nafi'u. Ya sauka, ya durƙusa a ciyawa, ya saita ku. Ni ina bayan shinge da wayata, abin da na ɗauka duk ciyawa ce da takalmina.

Kun zo da gudu fiye da duk waɗanda suka sauka kafin ku. Ƙarar da na ji har yau tana kunnena, ba zan kwatanta ta a nan ba saboda Goggo na iya sa a karanta mata. Cinya ta karye, ƙashin baya ya tsage. Bayan an ɗauke ka ban ƙara ganin jirginsu ya tashi ba a ranar, na riƙe wannan ma.

Kwana uku bayan aikin da aka yi maka, bidiyon ya iso wayata. An sa masa kiɗa. Ga ka a ƙofar jirgi, ga ka a iska, kumatun nan na kaɗawa yadda ka so, ga yatsa a sama. Wallahi ya yi kyau, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Lema ta buɗe, an nuno ku kuna shawagi, sai tambarin kamfani ya rufe fuska. Saukar babu ita. Na tambaya, suka ce batir ne ya ƙare. Batirin da ya kai mutum sama ya dawo da shi, sai a daƙiƙa ashirin ɗin ƙarshe zai mutu? Na ce da walakin, goro a miya.

Na nemi mai hoton, aka ce yana hutu. Na nemi wanda aka ɗaure ku tare, aka ce ya tafi garinsu ganin gida. Sai ga lawban ɗinsu, mai wurin, ya zo asibiti da kwandon lemo da tuffa, yana ta sunkuyawa, da wata takarda wai ta inshora ce. Na karanta ta a tsaye sau biyu. Cewa take ka yafe duk wata magana nan gaba. Na mayar masa da ita cikin kwandon, ka tuna? Kana kwance ka ce: "Yau dai bawana ya yi rana." Wannan ce tsokana ta ƙarshe da na ji daga bakinka.

Daga nan na zama mai wa'azi. Babu teburin da ban zauna ba a Dengfeng ina ba da labarin sikelin da aka ɗora wa ruwa, da tutar iska, da bidiyon da aka yanke. Na rubuta a nan ma, mutane suka yi ta tsinuwa suna taya ni. Kuma har gobe ina kan bakana: mutanen nan suna ɓoye wani abu.

Bayan ka koma gida na sami wata lauya a wajen titin Liuhua Lu. Ita ma sai da na bincike ta wajen mutum uku, don na ɗauka ko 'yar garin lawban ce. Ta ce takardar da ka sa wa hannu a filin ba ta wanke su daga komai ba, in sakacinsu ne ya jawo rauni. Ta ce ana iya roƙon kotu ta sa su kawo bidiyon na asali, wanda ba a taɓa ba. Na ji daɗi har na fara gyara zama. Sai ta ɗauko kwafin fom ɗin, ta ajiye shi gefen takardar asibiti, ta ɗora bakin biro a kan lamba ɗaya, ta ɗaga ta ɗora a kan ɗaya. Asibiti sun rubuta ɗari da sha biyu. Fom ya ce casa'in da takwas. Ta tambaye ni rubutun wane ne.

Nawa ne, Nafi'u. A shafi na biyu an rubuta cewa wanda ya wuce kilo ɗari sai an sake duba shi, ko a canza masa lema, ko a hana shi. Na karanta, na gane sarai. Na ɗaga kai na gan ka cikin rigar nan da ta ƙi rufuwa a ciki, kana murna kamar ranar Sallah. Na ce a raina awa uku muka yi a mota. Sai hannuna ya rubuta casa'in da takwas.

Ba ina neman mafaka ba ne, amma ka san sana'armu. A wurinmu kwali mai kilo talatin da biyu, talatin ne. Kowa na ragewa, kuma kowa ya san ana ragewa. Lambar farko tayi ce kawai: kai ka rage, mai jirgin ruwa ya ɗora a sikelinsa, ku yi 'yar jayayya, ku haɗu a tsakiya. Ban taɓa rubuta nauyi ina tsammanin za a yarda da shi ba. A raina na ɗauka wani zai dube ka ya ce a'a, a kawo wani sikelin, in yi dariya in ce kuskure ne. Babu wanda ya duba. Yarinyar ta buga hatimi ta jefa a tire. Ni da na ga sikelinsu a mace da idona, ni ne kuma na ba su lambar da babu mai gwada ta. Kwali in ya faɗo a kwashe a sake ɗaurewa, ban tsaya na tuna kai ba kwali ba ne.

Na tambayi lauyar ko wannan ne ya karya ka. Ta ce ba ta sani ba, kuma babu mai sani sai an ga saukar. Yana iya zama iska, yana iya zama ƙwararren nasu ya makara wajen jan igiya, yana iya zama lemar ta yi muku kaɗan saboda lambar da na ba su. Ta ce aikinsu ne su auna ka, ba su auna ba, wannan laifinsu ne. Amma ranar da aka fito da bidiyon, ranar za a fito da fom ɗin, kuma a kansa za su rataya. Ta kuma ce kada in kuskura in rubuta wannan a inda mutane za su gani. Ka ga dai yadda na bi shawararta.

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Wata huɗu ina tsaye a kan nawa ina nuna na lawban da yatsa. Ban manta da lambar ba ko na yini ɗaya. Duk lokacin da na ɗaga murya kan bidiyon da aka yanke, na san ni ma na yanke wani yanki a labarin da nake bayarwa.

Yanzu kai nake zargi, ka yi haƙuri, hali zanen dutse. Ina zargin ka sani. Ranar da za a sallame ka an ba ka takardunka a jaka guda, har da kwafin fom ɗin. Rubutunsu ba ka iya ba, amma lamba ai lamba ce, kuma rubutuna ka san shi tun allon makaranta. A filin jirgi, ina tura kekenka, na ce sai an biya maka kuɗin kaya biyu. Ba ka yi dariya ba. Da muka zo rabuwa ka miƙo min hannu ka ce: "Na gode, Malam Lawan." Malam! Shekara arba'in ba ka taɓa kira na da shi ba. Da ka zage ni da ya fi min sauƙi.

In ka sani ka yi shiru don kada Goggo da Babana su ji, su da suke ciki ɗaya, to na ɗauke maka wannan nauyin, ga shi na faɗa da bakina. In kuwa ba ka sani ba, ciwo ne kawai ya hana ka magana, to yanzu ka sani, kuma na fi so ka ji daga wurina da ka ji daga bakin lauyan kamfani.

Na ba Alhaji Sani mai tafiya Kano jibi ambulan ya kawo maka. A ciki akwai takardar wakilcin da lauya ke so, na fassara maka ita da Hausa layi bayan layi, ban tsallake ko wasali ba. Kada ka yarda da fassarata ma, ka kai wa wani ya sake dubawa. Akwai kuma fom ɗin, na zagaye lambar da jan biro. Ra'ayina ka sa hannu. Ka cancanci ka ga daƙiƙa ashirin ɗin nan, ko da abin da za su nuna ni ne. In an kira ni zan tsaya in ce rubutuna ne. Amma ƙafarka ce, bayanka ne, hukuncin naka ne, kuma wannan karon ka zauna ka karanta tukuna.

An ce min ka fara takawa da sanda zuwa masallacin ƙofar gida. Da na ji sai da na shiga bayan kwantena na share ido, don kada masu dako su gani. Ina kewarka, ɗan Goggo. Gadon ya yi min faɗi, tukunya kuma tana kwana da saura.

Allah Ya ba ka lafiya mai ɗorewa, Ya haɗa ƙashin nan ya fi da ƙarfi, Ya sa ciwon ya zama kankarar zunubi. Allah Ya bayyana gaskiyar abin da ya faru a filin nan, ko a kan wa za ta faɗa. Ya ba Goggo haƙuri da ni. Ni kuma Ya yafe min, Ya sanya maka tausayina ko ba yanzu ba.

In ka tashi kira, kada ka yi min sallama mai tsawo. Ka fara da zagin, zan gane.

Naka,
Lawan, wanda ya rubuta casa'in da takwas.