Ranar da Mu'minat Ta Ƙi Tashi

Kazaure, Jihar Jigawa.

Zuwa ga 'yata Mu'minat,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina cikin ƙoshin lafiya a can arewacin Kanada. Allah ya sassauta muku wannan sanyi, ya tsare ki sama da ƙasa. Mu nan lafiya lau, an gama shigar da gero, ƙafar ƙanwarki Shatu ma ta warke har ta koma makaranta.

Labarin dakatar da ke daga aiki ya riga ni isa Roni. Na tarar da mahaifiyarki, Yaya Asma'u, ranta a ɓace. Wai an ce mata kin yi musu da kyaftin ɗinku, sa'an mahaifinki, har kika ce ba za ki tuƙa jirgin sama tare da shi ba. Ta ce ita ba haka ta rene ki ba.

Na zauna na yi mata bayani da abin da na sani tun ina sashen binciken haɗarin jirage. Na ce iskar da ke bi ta kan fiffike ita ke ɗaga jirgi, kuma ƙanƙara ko ba ta kai kaurin ɓawon gyaɗa ba tana hargitsa wannan iskar. Sai ƙaramin jirgi irin naku ya ɗaga, ya karkata, ya faɗo tun bai bar fili ba. Ruwan maganin da ake fesa wa fiffike don hana ƙanƙara kamawa ba ya daɗewa, in an jima ana jiran layi dusar ƙanƙara na zuba, dole a sake fesawa. Ga caɓin ƙanƙara a titin jirgi yana riƙe tayoyi, ga lodi fiye da ƙima, ga kamfani na gaggawa. Amma abin da ya fi ci mini rai a aikin nan shi ne ƙaramin matuƙi ya ga matsala, ya yi shiru don kunyar babba. Kunyar mara kunya asara ce, balle in da rayuka a ciki.

Da na gama, sai ta tambaye ni ko kin ɗaga wa kyaftin ɗin murya. Na ce yadda kika gaya mini, kin fita ne kin shafa fiffiken da hannunki, kika ji ƙanƙara, kika roƙe shi a sake feshi, ya ce lokaci ya ƙure. Ta tambaya ko da yara a jirgin, na ce har da mai goyo.

Sai ta ce in rubuto miki cewa ranar da kwamitin bincike zai zauna kan maganarki ki gaida mutumin da girmamawa, amma kada ki ba da haƙuri a kan ƙin tashi. Ki faɗi abin da hannunki ya taɓa. In sun kore ki, ɗakinki yana nan.

Shatu da Khadijat suna gaishe ki, haka Baba Lado na Gwiwa. Ki gaida maigidanki Shafi'i.

Naki,
Kawu Daudu