Ƙarfen da Aka Kafa wa Kakana a Banɗaki

Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Admin don girman Allah a sakaya sunana, ina da yayye mata biyu a cikin nan, kuma ɗayar bakinta ya fi lasifikar masallacin Juma'a kai magana nesa. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya kulle.

Ni ɗan sakandare ne, a Kaduna aka haife ni, amma yanzu ina wani ƙauye ta wajen Gubuchi tare da kakana, wanda muke kira Alhaji Tsoho. Bayan rasuwar kakata aka ce sai an sami mai zama da shi, aka duba jikoki kaf aka zaɓe ni. Babana ya ce wai don na fi kowa ƙarfi, amma duk gidanmu an san saboda ƙadangaren da na saka wa malamin lissafi a jaka ne. Gidan Alhaji babba ne, ɗakuna birjik duk a kulle, daga ni sai shi sai awaki. In na yi atishawa a zaure, bangon cikin gida ne yake ce min yarhamukallah. Yaran garin ɗan Kaduna suke ce min, in za su gonar rake ba sa nemana. Ni da ake kora daga ɗaki saboda surutu, yanzu akuya nake ba labari, ita ma tana tuƙa tana kallon wani wajen.

Da damina Alhaji ya zame a banɗaki ya bugu a ƙugu. Baba ya zo hankali a tashe, ya ce lallai Alhaji ya koma Kaduna da zama. Alhaji ya ce sai dai a ɗauki gawarsa. Aka yi ta ja har Baba ya sauko, ya ce to zai gyara banɗakin, amma in aka sake faɗuwa ko aka ji wani abu ya sami matsala, babu sauran shawara, mota zai turo a kwashe mu a rufe gidan.

Ya turo mai aiki daga Zariya, aka manna tayil fari tas, aka kafa wani ƙarfe mai ƙyalli a bango don Alhaji ya riƙa dafawa in zai tsuguna ko zai miƙe. Irin na zamanin nan ne da ba a ganin ƙusarsa. Ana huda bango, a cusa 'yar roba, a ɗaure da noti, sannan a juyo wani murfi kamar na gwangwanin madara ya rufe komai, sai ka rantse daga jikin bangon ƙarfen ya tsiro. Ina tsaye aka yi hudar, na ga jar ƙura tana fitowa, ban kawo komai a raina ba. Alhaji kuwa yana ɗaki yana jinya, ba wanda ya tambaye shi da me aka yi bangon. An daɗe da shafe shi da siminti, kowa ya gani zai ce bulo ne.

Ni kuma kun san hali. Wata rana na shiga wanka, na ga ƙarfe yana ƙyalli, na ce bari in gwada ko zan fito da ƙwanji kafin in koma Kaduna. Ina sakar masa nauyina na ji ya biyo ni. Na juya murfin na buɗe, sai ga notin yana lilo a rami, jar ƙasa tana zubowa kamar ana tankaɗe.

Na ruga na gaya wa Alhaji, ina jiran ya yi salati. Ko gezau. Ya ce tun ranar da ya fara taɓa shi ya sani. Shi da mahaifinsa suka ɗora bangon nan da tubali shekarar da aka ba da mulkin kai, da ƙafarsa ya taka ƙasar. Ya ce bangon ƙasa ba ya riƙe ƙusa, in suna son maratayi tun ginin yana ɗanye suke binne icce a ciki. Wai shi bango yake bi da tafin hannu, ƙarfen kuwa sai in Baba ya kira a bidiyo yake zuwa ya ɗora masa yatsu a gani.

Sai ya kalle ni ya ce, “Abokina, je ka mayar da murfin yadda ka same shi. A ɗakin can na yi aure, a can kakarka ta cika. Kada ka sa a kai ni inda zan wuni ina kallon talabijin.”

Na mayar. Daga baya na yi dabaru iri-iri a ɓoye. Na cusa tsinken tsintsiya a ramin, na zuba gam da yashi, har cingam na gwada, kada ku yi dariya. Ya kwana ɗaya da ƙarfi, gari na wayewa ya koma lilo. Ba damar in kira maginin garin, abokin Baba ne tun suna yara, kafin ya ajiye cokalin gininsa labari ya isa Kaduna. Na ɗan gutsura wa Mama a waya cewa ƙarfen yana motsi, ta yi dariya ta ce ai ni ne na ce sauron garin nan sai da igiya ake ɗaure shi. Shi ne na ɗauki bidiyon notin da ƙasar. Yana cikin wayata, ban tura wa kowa ba.

Ga abin da ban iya gaya wa kowa ba sai ku da ba ku san ni ba. Ina son komawa gida. Ina kewar Mama, ina kewar faɗa da ƙannena a kan rimot, ina kewar a ce min yi mana shiru. In na tura bidiyon nan, kafin sati ya zagayo ina Kaduna. To duk lokacin da na ɗora yatsa zan tura, sai in rasa ko don ƙugun Alhaji zan yi ko don kaina. Shi kuma duk duniya yanzu shi kaɗai ne yake sauraron ƙaryata har ƙarshe, ya ce in ƙaro wata. Da yamma mukan zauna a ƙofar gida, ya fere min rake tunda shi ba haƙoran sha, yana nuna min inda kowa yake zama lokacin da gidan yake cike.

Jiya da la'asar ya shiga kama ruwa, ina tsaye a bakin ƙofa kamar kullum ina yi kamar ina danna waya. Na ji ƙarfen ya yi ƙara, sannan shiru. Na kira shi bai amsa ba, na sake kira, sai can ya ce min ba a magana a banɗaki. Da ya fito numfashinsa sama-sama, bai kalle ni ba. Na leƙa na ga jar ƙasa a kan tayil, da alamar inda ya share ta da ƙafa zuwa bayan bokiti. Da alama jiri ne ya ɗebe shi, ya manta ƙarfen ba ya riƙo, ya kai masa hannu.

Don Allah masu aikin gini da na famfo da ke nan, akwai yadda yaro kamar ni zai sa ƙarfen nan ya kama a bangon ƙasa ba tare da an fasa tayil an gane ba? In babu, iyayena ku gaya min gaskiya kada ku lallaɓa ni. In tura wa Baba, a raba tsohon nan da gidansa ta hannun wanda ya ce wa aboki? Ko in ci gaba da tsayuwa a bakin ƙofa, alhali na san in ya faɗi, ni kaɗai ba zan iya ɗaga shi ba?